Ranar da Na Tayar da Surukata Tsaye

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta Asabar ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa cigiyar gilashina alhali yana bisa hancina. A ranar ce na tayar da surukata tsaye a gaban baƙi, da bakina, a cikin falona, ina ta fara'a kuma lokacin da nake yi. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ba hauka ya same ni ba. Zumuɗi ne, wanda dai ƙanen hauka ne.

Muna zaune a Gawon Nama, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, Ummi da ƙanenta Sadiƙ. Ummi tana aji uku na firamare a lokacin, kuma a duniya babu abin da ta tsana kamar rubutu. Da an ce a rubuta jimla sai cikinta ya fara ciwo. Ajinsu cike yake maƙil, malamar tana iya ƙoƙarinta, amma yarinyata tana can baya tana kwafe abin da ba ta gane ba. Kullum keke napep ya sauke su a ƙofar gida cikin zafin nan namu na Sakkwato, ta shigo idonta jawur, ta wurgar da jaka kamar wadda aka aika da kayan wani. Wata rana na ce ta rubuta min abin da ta ci a makaranta. Ta zauna ta tasa takarda a gaba har hawaye ya ɗiga a kanta, ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Ana cikin haka wata ƙawata ta jefa ni cikin wani zaure na iyaye mata a waya, masu koyar da 'ya'yansu a gida. Jama'a, kamar an buɗe min ƙofar wata duniya. Na ga hotunan yara suna karatu a kan tabarma suna dariya, na ga allon bango, na ga kwalin fensira masu launi. Kafin mako ya zagayo na riga na zama shugabar makaranta a zuciyata, har na zaɓi kalar labulen aji. Na sa maigida gaba da magiya har ya gaji ya ce a gwada zango ɗaya. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, in ya ce "to" yawanci yana nufin "ki bar ni in ci abinci".

Lissafi da karatu ba su ba ni wahala ba. Inda na nutse shi ne zaɓen manhajar nahawu da rubutu. Ashe abin teku ne. A zauren nan kowace uwa tana da tata, kuma tana kare ta kamar danginta. Wata ta ce a sayi mai cike gurbi, yaro ya yi ta cikewa har hannunsa ya saba. Wata ta ce a'a, wannan kashe basira ne, a bar yaro ya yi ta kwafar jimloli masu kyau ana yi masa shifta. Wata kuma ta ce kada a koya wa yaro nahawu sam sai ya girma. Ni kuwa duk wadda ta yi magana ta ƙarshe ita nake bi. In na kwanta ina 'yar cike gurbi, in na tashi na koma 'yar shifta.

Na fara da mai cike gurbin. Littafi ne mai kyau, mai sheƙi, daga ƙasar sanyi. Shafin farko yaro yana wasa da dusar ƙanƙara, shafi na biyu yana gina mutum da dusar ƙanƙara, shafi na uku karensa ya ɓace a cikin dusar ƙanƙara. Muna zaune babu wuta, gumi yana bin bayanmu, Sadiƙ ya ɗago ya ce, "Mama, su ba su da rana?" Na rufe shi na tura ƙarƙashin gado. Na gwada na shiftar, Ummi ta koma ciwon cikinta. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. (Maigida bai san ƙarƙashin gadonmu ya zama ɗakin karatu ba sai da takalminsa ya ɓace ya leƙa nema.)

Sai na uku ya zo, wanda ya sace zuciyata. Shi wannan ba ya barin uwa ta yi tunani ma. Duk abin da malama za ta faɗa an buga shi da jan rubutu, abin da yaro zai amsa da baƙi. Ke dai ki karanta ja, ki jira baƙi. Kuma darasin duk wasa ne: ana tashi, ana tsalle, ana tafi, sannan a zauna a rubuta abin da aka yi. A shafin farko aka jera dokoki: ki kira yaro da cikakken sunansa na yanka, don ya san nauyin sunansa ya kuma iya rubuta shi, ki dube shi cikin ido, in ya yi daidai ki yabe shi da ƙarfi, ki rungume shi.

To a nan gizo ke saƙar. Ummi ba sunanta Ummi ba. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke sakaya shi. Ga ta kuma 'yar fari. Ni da na tashi a gidan da mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "waccan yarinyar", kun san yadda dokar nan ta zo min. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa furta sunan Hajiya ba. Akwai wata maƙwabciyarmu mai irin sunan, "mai sunan Hajiya" nake ce mata, har yaran unguwa suka ɗauka sunanta ke nan. Ko asibiti na kai Ummi aka tambayi suna, katin nake miƙawa. (Sunan dai Saudatu. Allah ya yafe min, na rubuta. Rubutu ai ba faɗa ba ne, ko?)

Ranar farko na rufe ƙofa, na rufe taga, na ce a hankali kamar mai satar nama a tukunya, "Saudatu." Ummi ta zaro ido ta ce, "Mama, kin faɗi sunan Hajiya." Na ce, "Littafi ya ce." Kashegari ya ɗan fi sauƙi. Bayan kwanaki harshena ya sake, sunan yana fita sumul. Sau ɗaya maigida ya dawo da wuri ya ji ni ta bayan ƙofa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wanga baki naki sabawa za shi yi." Na ce haba, sai ka ce yarinya, ai na san inda ake faɗa da inda ba a faɗa. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ta yi amfani gaba kaɗan.

Abin da ya hana ni jin gargaɗin shi ne littafin yana aiki. Ummi da ke kuka a kan takarda ta fara rubuta jimla, daga jimla ta koma layi uku, har wata safiya na same ta kwance rub da ciki tana rubuta labarin kazarmu da ta ƙi kwanciya a kan ƙwai. Babu wanda ya sa ta. Na koma ɗaki na share hawaye, na fito na cika zauren waya da hotuna. Na zama mai wa'azin littafin, ko mai kawo mana ruwa sai da ya ji labarinsa.

Ana nan labari ya kai unguwar Gidan Igwai, inda Hajiya take. Hajiya 'yar gidan malamai ce, tsohuwa mai tsabta da kaifin harshe, wadda in ta yi shiru an fi jin tsoronta. Duk 'ya'yanta sun yi boko, kuma tana alfahari da haka. Muka je gaishe ta ranar Juma'a, ta amsa gaisuwa, ta dubi ɗanta ba ta dube ni ba.

"An ce mani kun hidda ɗiyan ga makaranta. Mi yaf faru? Kuɗɗin na babu?"

Ya ce akwai, a gida ake koya musu. Ta ce, "Gida. To. Mutane na kai nasu, ku kuna ɗebe naku. Bayan Salla a maishe su." Na yi ta maza, kaina a ƙasa, na ce Hajiya da za ki zo ki gani da idonki. Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, ta ce, "Asabar ina tahe. In na ga karatu, su zamna. In wasa nig gani, su koma." A hanya na tambayi maigida shi me ya ce. Ya ce abin da Hajiya ta ce. Na san da haka, na dai tambaya ne don a rubuta na tambaya.

Kada ku ɗauka tsoro na ji. Murna na yi. Na ga dama ta samu da zan nuna wa duniya. Na wanke falo, na rataya allo, na yi wa yara aski da kitso kamar za a ɗaura aure. Na aika aka sayo fura da nono mai kyau, na soya masa. Na zaɓi darasin da na fi ƙwarewa a kai, na kalmomin aiki, inda malama ke ba da umarni da sauri yaro yana aikatawa, daga baya ya rubuta abin da ya faru. Sai kuma wata dabara ta zo min, wadda a lokacin na ɗauka ta fi ta kowa: tun da da Turanci littafin yake, bari in yi darasin da Hausa tsantsa, don kada ko kalma ɗaya ta wuce Hajiya. Kun ji yadda mutum ke wasa wuƙar da za ta yanke shi.

Bayan la'asar suka iso. Ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da Goggo, ƙanwar marigayi mijinta, da wasu ƙawayenta biyu da suke zuwa karatu tare. Aka shimfiɗa darduma, aka gaisa, aka dama fura. Maigida ya tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tsayuwar mutumin da ya san halin matarsa.

Na fara da Sadiƙ. "Sadiƙ, zauna." Ya zauna. "Sadiƙ, yi rarrafe." Ya yi rarrafe har ya bangaje ƙwaryar Goggo, aka yi dariya. Na tambaye shi wace kalma ce ta aiki, ya faɗa daidai. Ɗaya daga cikin ƙawayen Hajiya ta ce, "Tubarkalla." Wannan tubarkallar ita ta ƙarasa ni. Na ji kaina ya yi girma, muryata ta ƙaru, na fara zagaya falo ina kaɗa alli kamar mai jagorantar fareti. A raina har na fara tunanin sunan da zan sa wa makarantata in ta bunƙasa.

Sai layi ya zo kan Ummi. Ita kuwa ta lafe jikin kakarta, Hajiya tana raɗa wa Goggo wata magana tana kuma ɓare wa yarinyar dabino. Babu mai kallona a cikinsu. Malama kuwa ba ta son a raba mata hankalin aji. Na tafa hannu da ƙarfi, na buɗe baki, jan rubutun nan ya fito da kansa.

"Saudatu! A daina surutu a dube ni. Saudatu, tashi tsaye."

Ummi ta miƙe. Ni kuma ban ji komai ba, wallahi ban ji ba. Na ci gaba, da sauri kamar yadda littafi ya ce. "Saudatu, yi tsalle. Saudatu, juya. Saudatu, kama kunnenki." Yarinya tana yi, ina ƙara wuta. Da ta gama na durƙusa na rungume ta, na sumbaci goshinta, na ce da muryar da ta isa ƙofar gida, "Madalla da Saudatuna, yarinyar kirki, yau kin yi hankali."

A nan ne na lura falon ya yi tsit. Ludayin Goggo yana tsaye tsakanin ƙwarya da bakinta. Ƙawayen Hajiya sun ja gyale sun rufe fuska, kafaɗunsu suna rawa. Na waiga bakin ƙofa, babu maigida, sai labule yana motsi. (Daga baya ya ce masallaci ya tafi. Da sauran lokaci mai yawa kafin magariba, amma ban yi masa gardama ba.) Sai kunnena ya maimaita min abin da bakina ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, har da kama kunnen. Na ji wani sanyi ya taso daga tafin ƙafata, irin wanda ban samu a littafin dusar ƙanƙara ba.

Hajiya ta san sarai da wa nake. Kowa ya sani. Amma ta ajiye dabinon, ta lalubo sandarta, ta dafa kafaɗar Goggo, ta miƙe a hankali har ta tsaya cak. Ta dube ni, fuskarta babu dariya babu fushi.

"Malama, na tashi. Tsallen na dai ban iyawa, gwiwa ta ƙiya. Kunnen hwa, guda za ni kamawa ko duka biyu?"

Mai hankali a nan durƙusawa zai yi ya ba da haƙuri. Ni kuwa sai na ɗago littafin sama da hannu biyu, na ce, "Hajiya, littafi ne ya ce." Goggo ta sauke ludayi ta ce, "Yo shi wanda yar rubuta littahin, ba shi da surukai?" Ƙawayen nan da suke ta dannewa suka fashe. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni kicin ba. Na tsuguna bayan buhun gero, littafin a ƙirjina, ina roƙon ƙasa ta tsage. Kunya na ji, irin wadda ke sa kunne zafi, amma abin da ya fi ta ciwo shi ne na san na kashe maganar da hannuna. Hajiya ta ce in wasa ta gani su koma, ga shi ta ga abin da ya fi wasa muni. Na hango Ummi can bayan aji tana tasa takarda a gaba, na fara kuka na gaske.

Ina nan sai na ji ƙarar alli a kan allo. Ashe ita Ummi a wurinta darasi bai ƙare ba. Ta saba bayan tsalle sai rubutu, kuma babu wanda ya ce a tashi. Ta ɗauki allin da na yar, ta hau kujera, ta yi ta rubutu. Can na ji muryar Hajiya, "Takwara, karanta muna mi kir rubuta." Yarinyar nan da a da ko sunanta ba ta son rubutawa ta gyara murya ta karanta, ina ji daga bayan buhu:

"Mama ta kira sunan da ba a kira. Hajiya ta tashi da sanda. Goggo ta manta da furarta. Abba ya gudu. Mama ta ɓoye a kicin, ina jin tana bayan gero."

Dariyar da aka yi, na tabbata maƙwabta sun ɗauka haihuwa aka yi. Ta Hajiya ta fi ta kowa, har da tari. Na ji tana cewa a sake karantawa, aka sake. Ta ce a nuna mata inda aka rubuta sanda, aka nuna mata. Sannan ta aiko Sadiƙ ya kira ni. Na fito ina jan ƙafa, gyalena har hanci, na zube a gabanta ina ba da haƙuri ba tare da na san me nake faɗa ba.

Ta bar ni na gama. Ta share idonta da bakin mayafi ta ce, "Karatu kam na gani. Ɗiyar ga ta rubuta abin da idonta yag gani, ba ta rage kowa ba. Su zamna." Ban gama sauke numfashi ba ta ɗaga yatsa. "Amma kowace Asabar ki aiko mani su, in koya musu abin da babu cikin littahinki. Ke ma ki biyo su, kin hi su bukata."

Da za su tafi na raka su har bakin titi, ina bayanta kamar jela. Goggo da sauran suka yi gaba neman keke napep. Hajiya ta rage tafiya har na iso kusa, ta ce a hankali ba tare da ta juyo ba, "Tun rasuwar Innata ban koma jin sunan ga da ƙarhi haka ba. Kowa Hajiya, kowa Hajiya. Na aza ya ɓace." Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Amma kak ki koma."

Ban koma ba. Littafin yana nan muna amfani da shi, sai dai na bi shi shafi-shafi, duk inda jan rubutu ya ce a kira suna na manna 'yar takarda na rubuta Ummi. Rungumar ma muna yi, amma ƙofa a rufe. Yanzu in sabuwar uwa ta shigo zauren waya tana tambaya wace manhaja ta fi, sauran su yi ta jero sunaye, ni abu ɗaya nake ce mata: sayi wadda ɗanki ya so, amma kafin ki karanta ta da ƙarfi, ki fara karanta ta a zuci kina tunanin surukarki na zaune a gefe. Littafi ya san nahawu, bai san gidan da kike aure ba.

Har yau kuwa duk Asabar in na shiga gaishe ta, kafin gwiwata ta taɓa ƙasa, sai Hajiya ta kai hannu ga sandarta ta ce, "Malama, in tashi?"